Shekarar da Na Yi Binne a Mandera

Na sha jinku, musamman ke Balkisu, kuna gaya wa 'ya'yanku wai kakanku ne ya cire ni daga makarantar 'yan mata ta Sakkwato don yana ƙin boko. Na gyara muku da baki har na gaji, shi ya sa yau na ɗauki alƙalami. Baba bai cire ni ba. Shi ne ma ya ɗinka mini jakar littattafai da ragowar yadin rigar hakimi, ya yi mata ado da zare ja a baki. Ni na ƙi komawa, da hankalina, kuma ga yadda abin ya kasance.

Baba maɗinki ne, rumfarsa a kasuwar Shagari, gidanmu da gonarmu kuma a Mandera. Da Turawa suka ce hakimi ya kawo 'yan mata makaranta, manyan gari suka ɓoye nasu, sai abin ya faɗo kan na kusa da fada, irin su maɗinkin hakimi. Ranar tafiyata mata suka cika gidanmu suna yi wa Inna jaje kamar an yi rasuwa. Ni kuwa da na je sai na tarar wurin ya yi mini. Na iya karatun allo da ajami tun a gida, boko bai ba ni wahala ba. Laifina guda, wanda duk malamai suka sani, shi ne kallon taga. Ana lissafi ina bin gajimare da ido, ina harhaɗa baitoci a zuci, in na sami takarda in rubuta, in ɓoye a ƙarƙashin tabarma.

A cikin malamanmu akwai wata mutuniyar Ikko da ke koya mana ɗinki da tsabta, muna ce mata Malama Roza. Kakanninta bayi ne da aka kai Burazil, suka sami 'yanci suka dawo, suka zo da harshen Fotugis a bakinsu. Ita kaɗan ya rage mata, na addu'a da na girki da na faɗa. Wata rana ta kama ni a bakin taga, allura a hannu ban soka ba. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ta yi dariya, ta ce da Hausarta mai ɗingishi:

"Ramatu, ke kullum espektanti ne."

Na ce, "Malama, zagi ne?"

"A'a. Kawo allo."

Ta rubuta mini shi da harufansu, expectante, ta ce mutanen Fotugal da na Sifen duk haka suke faɗa, ga namiji ga mace ba bambanci. Ta ce ana faɗarsa ga wanda yake jiran wani abu da idonsa a buɗe, ya san yana tafe, bai san yadda zai zo ba. Taron jama'a da suka yi tsit kafin alƙali ya buɗe baki, su ne haka. Mai ciki da watanta ya kama, ita ce haka. Ta ce ɗan'uwanta da ke aikin asibiti ya gaya mata likitocinsu ma suna faɗarsa, in suka ga ciwon da yanka zai ɓata, sai su ajiye wuƙa su zuba ido, safe da yamma suna dubawa. Na jera mata namu, jira da dako da tsammani da ɗoki da sa rai, ta saurara ta ce kowanne ya ɗauki wani yanki. Mai dako ya gaji, mai ɗoki ba ya iya zama, nasu kuwa yana zaune amma bai yi barci ba. Na kwafe kalmar a bayan littafina don daɗinta a baki kawai. Ina da shekara goma sha shida, abin da nake jira a lokacin bai wuce hutu ba.

A shekarar da sojojin Bama suka fara dawowa aka zaɓe ni cikin 'yan kaɗan da za a koya wa aikin malanta. Aka ce mu je hutu mu dawo ranar da aka yanka, wadda ta makara an ba wata wurinta. Na iso Mandera da tsakiyar bazara, ina ɗauke da labarin nan kamar ƙwarya cike da nono. Da na shiga zaure sai na ga keken ɗinkin Baba a lulluɓe. Yana kwance a rumfar tsakar gida, ƙafafunsa biyu sun kumbura, kurkunu ya fito masa a idon sawu na dama da ƙwaurin hagu. A wannan shekara rabin garin haka suke, don daga tafki ɗaya kowa ke sha. Yayana Umaru kuwa yana cikin sojojin da ba su dawo ba, ba wasiƙa ba saƙo. Inna ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan na Bama". Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, rumbu ya kusa ƙarewa. Abin da ya rage na gero shi ne dami ɗaya na iri, wanda Baba ya zaɓa da hannunsa zangarniya-zangarniya ya rataye a can saman rumbu. In aka sussuke shi zai cika masaki ɗaya, ba ƙari. Abincinmu na shekara mai zuwa ke nan gaba ɗaya.

Kwana uku kafin komawata ƙanin Baba ya zo daga Bodinga a kan kekensa, Baffa Sambo, mai sayar da albasa, yana da lambu a Danchadi. Shi zai kai ni Bodinga in hau mota. Da ya shigo ya durƙusa ya gai da Baba, sannan ya juya kan Inna, don ba su haɗuwa sai sun taɓa wasa.

"Matata, haka anka bar min ɗan'uwa ya rame? Ko hurar taki ta ƙare ne sai ruwa?"

"Wa ad da miji mai warin albasa? In kana tausayinai, ina buhun dawar da kac ce za ka kawo?"

"Yana bisa jaki, gobe shi iso. Ke dai ba ki da godiya."

Da aka gama dariya aka zo maganar shuka. Baffa ya ce a bari ruwa ya sauka, shi zai gama tasa gonar, kwana uku ya zo da mutum biyu su shuka mana. Baba ya girgiza kai. Gonarmu jigawa ce, yashi, ruwan farko ba ya kwana uku a cikinta. Ranar da aka yi ruwa kowa gonarsa yake gudu, ba a gayyar shuka. In aka rasa wannan laimar sai a jira wata, kuma geron da ya makara shi ne ya kunyata mu bara.

"To mi za a yi, Yaya?"

"Binne," in ji Baba.

Ku 'yan birni ba ku san binne ba. Shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, a rufe, a bar shi. Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya tsiro gaba da na kowa. Amfaninsa ga wanda ba shi da hannu, don yana iya yi a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan. Haɗarinsa kuwa yayyafi. In ɗan ruwa ya taɓa irin ya farka, sannan rana ta biyo baya, ya mutu a rami, ba kuma wani a rumbu.

Baffa ya ce, "Da dami guda za ka yi binne? In ya ƙone fa? Kuma wa za shi sara maka? Ni albasata tana rumbu tana ruɓewa, sai na kai ta Sakkwato makon ga."

A shuka namiji ke gaba da sungumi, wata doguwar fartanya, yana tafiya yana saran rami, mace na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Inna za ta iya jefawa. Ba mai sara. Ina zaune a bakin murhu ina jin su, ina kallon jakata da na riga na ɗaure. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ni zan sara."

Baffa ya yi dariya har ya riƙe ciki. "'Yar boko da sungumi! Hannun ga da bai san komi ba sai alli?"

Baba bai yi dariya ba. Ya kira ni kusa, ya ce, "Ramatu, kin san gonar ga ba ta saruwa ƙasa da kwana goma a hannunki. Makaranta jibi-jibi ta. Ba ni ce ki zauna ba. In kin tahi ban riƙe ki da komi ba, Allah na gani."

Na ce na sani. Ya sake faɗa, na sake cewa na sani. Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Baffa ya daina dariya, ya yi ta lallashina har la'asar, ya ce ana samun gero a kasuwa amma ba a samun wurin malanta. Gaskiya ya faɗa. Amma na ga yadda Inna ke auna tsaba a tafin hannu kafin ta zuba a turmi, na kuma san in na koma zan zauna ne a bakin taga ina kallon gabas, ba abin da zai shiga kaina. Na rubuta wasiƙar neman uzuri na ba Baffa ya kai.

Washegari bayan asuba muka fita. Baba ya yi mini bayani daga kwance: ramin binne ya fi na shukar ruwa zurfi, ya kai tsawon yatsa, taki ɗaya sara ɗaya. Faɗa da sauƙi. Sungumi ya fi ni tsawo, in na ɗaga shi sai ya ja ni gefe. Muka fara daga gabashin gona, wajen wata tsamiya. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo, da azahar ya fashe. Masu wucewa zuwa Lambara sukan tsaya su yi kallo. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Kulu, ta aje itacenta ta ce:

"Sannu malamar Turawa! Wanga rubutun da kike ma ƙasa, wa za shi karanta shi?"

Inna ta ce, "Ke za ki karanta da kaka, in kin zo roƙon tsaba."

Kwana uku na farko hannuna ne kawai a raina. Ina sara ina jin zafi, sai na riƙa sassauta wa sungumi, yana ɗan taɓa ƙasa ina wucewa. Inna na biye tana rufewa, idonta ba shi da ƙarfi sosai, ba ta lura ba. Ni na lura, na ce a raina rami rami ne. A rana ta huɗu hannun ya yi kanta, na kuma gane ba ƙarfi ake sa wa ba, sakinsa ake ya faɗi da nauyinsa. Daga nan ramukan suka yi zurfi. Har na fara jin daɗin abin, sara da taki suka zama kamar karin waƙa, ina tafe ina jera baitoci a kansu. Kwana goma sha biyu muka yi. Ranar ƙarshe Inna ta kife masaki ta buga gindinsa, ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Muka tsaya muka dubi gonar. Ba abin da ya canza a fuskarta, yashi ne fari kamar yadda muka same shi, sai sawun diddigen Inna a jere.

Daga nan sai zaman jira. Da safe in je gona in kori zabi da kurciyoyi, don suna tono. In dawo in tarar Inna na yi wa Baba aikin kurkunu. Takan jiƙa wurin da ruwa, in bakin tsutsar ya leƙo, fari kamar zaren ɗinki, ta naɗe shi a jikin tsinke, ta juya sau ɗaya ko biyu, da ta ji ya yi tauri sai ta tsaya, ta ɗaure tsinken da tsumma sai gobe. Wata rana na ce ta ƙara ja mana, ga shi yana fitowa.

"In ya tsinke ciki, ƙafar ta ruɓe. Shi ka faɗin ranar hitatai, ba mu ba."

Ina kallon hannunta sai maganar Malama Roza ta faɗo mini, ta likitocin da ke ajiye wuƙa su zuba ido. Inna ba ta taɓa jin sunan Fotugal ba, amma ga ta tana yin abin da kalmarsu ke nufi, kullum da safe, da tsinken tsintsiya. Na dubi gidanmu na ga duk haka muke. Baba na sauraren ƙafarsa. Inna in ta ji ƙarar mota a hanyar Shagari sai hannunta ya tsaya a kan taɓarya. Ni kuma wuyana ya ƙage da kallon gabas. Da a makaranta na ɗauka kalmar ta masu mafarki ce irina. A Mandera na ga tana da aiki a cikinta, korar zabi da jiƙa tsumma da hana hannu gaggawa.

Kwana shida da gama binne, da la'asar, hadari ya haɗu. Ni da nake son ruwa tun ina yarinya, ranar na tsaya a tsakar gida ina roƙon Allah ko dai ya zuba sosai ko ya wuce gaba ɗaya. Iska ta taso, aka yi yayyafi kamar na shan hura ɗaya, ƙasa ta yi ƙamshi, sai gari ya washe. Baba ya juya fuskarsa bango.

Bayan kwana uku na je gona na ga gabashinta ya yi kore, tsiro siriri kamar allurai, layi-layi har gindin tsamiya. Ban taɓa ganin abu mai kyau da ya tsorata ni haka ba. Rana ta buɗe kwana biyar ba gajimare ko ɗaya. Ina zuwa ina ganinsu suna lanƙwashewa, suna yin ja, har iska ta share su. A cikin kwanakin nan ne Baffa ya zo da amsar wasiƙata. Layi uku ne da Turanci, an ba wata wurina. Na karanta a zaure, na ninke, na tafi gona na zauna a gindin tsamiya na yi kuka mai isata. Na bar makaranta don in ceci iri, ga shi na kashe shi da hannuna.

Da na dawo na durƙusa gaban Baba na gaya masa gaskiya, cewa kwana ukun farko ban zurfafa ba.

Ya ce, "Sauran fa? Ya tsiro?"

"Ko ɗaya."

"Koma ki tona rami guda wajen yamma. Abin da kin gani ki kawo min."

Na koma da gudu. Na sa yatsa na tona, ƙasar sama ta yi ɓawo, ta ƙasa busasshiya ƙayau. A can gindi na sami ƙwayoyi biyar. Na kawo su a tafin hannu. Baba ya ɗauki ɗaya ya sa a haƙori, ta yi ƙas.

"Barci shikai," ya ce. "Ruwan bai kai mai ba. Maida su inda kin ɗauko, ki rufe."

Na mayar da su, duka biyar ɗin har da wadda ya fasa.

Sai da muka ƙara kwana tara. Ranar wata Laraba da hantsi gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa, iska ta kwashe mana zana guda, sannan aka saki ruwa. Har azahar ana yi. Inna ta jera tukwane da ƙore a bakin indararo, ni kuwa na tsaya a tsakar gida ya yi mini duka, ba wanda ya ce in shigo. Washegari garin duka ya watse gona da sungumi, masu kurkunu na jan ƙafa. Mu muna gida muna shan hura. A rana ta uku, lokacin da na mutane ke kwance a rami, kashi biyu cikin uku na gonarmu ya fito kore shar. Layukan sun karkace kamar tafiyar maciji, amma ba rami ɗaya da ya ƙi. Baffa ya iso da irin dawa da wake a bayan keke, ya karɓi sungumi da kansa ya sare gabashin da ya ƙone, Inna na biye da shi tana cewa ramukansa ba su kai na 'yar boko ba.

Kurkunun Baba na dama ya fita kafin noman farko, na hagu sai da gero ya kai gwiwa. Umaru ya dawo ana gab da girbi, da akwatin ƙarfe da tari, ya tarar da abinci a gida. Makaranta kam ban koma ba. Na yi shekaru in na ga malama da alli a hannu sai in kau da kai, ba zan ɓoye muku ba. Daga baya da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a Bodinga, inda na yi aure, ni aka kira, kuma iyayen wasu daga cikin ƙawayenku a hannuna suka koyi rubuta sunansu. Wannan wani zance ne daban.

A gidanmu uba ba ya yi wa 'yarsa godiya, ban kuma sa ran zai yi ba. Da aka yi girbi aka tara zangarniya a masussuka, akwai aikin da maigida kaɗai ke yi kafin a ɗaure dami: ya bi tarin a hankali ya ware masu tsawo da cikar ido, irin baɗi. Mace ba ta matsawa kusa, yara ma korarsu ake. Baba ya zo da sandarsa, Umaru da Baffa na tsaye, mu mata muna can gefe muna tsintar abin da ya zube. Ya sunkuya ya ɗauki zangarniya ɗaya, ya juya ta, ya mayar. Sannan ya ɗaga kai.

"Ramatu."

"Na'am, Baba."

"Taho ki zaɓa."